Kiɗan da Ake Ji da Tafin Hannu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Alƙaliya. Ba ta taɓa taka kotu ba. Amma duk abin da ta gani sai ta yanke masa hukunci. Rubutun wannan ya karkace. Jakar wancan ta yi masa girma. Bakinta dai ba ya hutawa.

Kada in zalunce ta, tana da kirki. Kuma abu biyu take so ƙwarai. Na farko ƙawarta, 'yar kafinta, wadda suke zama benci ɗaya. Na biyu wani wasan gem da take bugawa a wayar mamarta.

A cikin wasan, wani ɗan kwale-kwale ne yake yawo tsakanin tsibirai yana kunna fitilu. Wasan yana da kiɗa siriri mai daɗi, kamar mutum yana fito. Alƙaliya ta haddace shi tsaf.

Wata rana ta tarar da Mama tana jijjiga jariri, tana rera kiɗan a hankali.

"Mama, ba haka yake ba fa," in ji ta. "Kin ja shi da yawa."

"Ƙanenki haka yake so," in ji Mama. "Kin ga har ya yi barci."

"Amma ba shi ne na asali ba."

Mama ta yi murmushi. "Ranki ya daɗe, na amsa laifina. Ungo tawul ɗin nan ki shanya min."

Ita kuwa 'yar kafinta ba ta ji sosai. Wani zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne tun tana ƙarama. Tana saka wata 'yar na'ura a bayan kunnenta. In ana mata magana, bakin mutum take kallo. Shi ya sa kullum Alƙaliya take juyowa ta fuskance ta kafin ta yi magana. In Malam ya faɗi abu yana rubutu a allo, ita take maimaita mata.

Wata ranar Alhamis, malamin kwamfuta ya kunna musu wani abu. Kiɗan kwale-kwale ne, amma da jita. Ya kunna wani, na fiyano. Ya kunna na uku, mai sauri irin na rawa.

"Masu son wasan ne suka yi su," in ji Malam. "Kowa ya juya kiɗan yadda ransa yake so. Ku ma ku gwada. Nan da mako uku za mu saurari na kowa."

Alƙaliya ta taɓe baki. Ta ce ita ba za ta taɓa kiɗan ba, don babu abin da ya rasa. Sai Malam ya ce to ita za ta riƙa kunna na sauran.

Daga ranar, 'yar kafinta ta daina fita tara. Kullum tana ɗakin kwamfuta. In Alƙaliya ta tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce, "Sirri ne. Ke dai ki jira."

Ranar ta zo. 'Yar kafinta ta shigo rungume da wani akwatin katako. Babanta ne ya ƙera, ya saka sifika a ciki. Ta ajiye shi a kan tebur tana ta murmushi.

Alƙaliya ta kunna na yara uku. Kowanne sai da ta samo masa aibu. Sannan aka zo kan na ƙawarta.

Dum, dum, dum, duuum. Ganguna ne zalla, masu nauyi. Babu fiton nan siriri ko kaɗan. Har gilashin taga yana rawa.

Ko rabin minti ba a yi ba, Alƙaliya ta kashe. Ta juyo ta fuskanci ƙawarta kamar yadda ta saba.

"Wannan ai hayaniya ce," in ji ta. "Kin ɓata kiɗan gaba ɗaya."

Wasu yara suka yi dariya. 'Yar kafinta ba ta ji dariyar sosai ba. Amma ta karanta kowace kalma a bakin ƙawarta. Ta ɗauki akwatinta ta fita.

"Ba ki kyauta ba," in ji Malam. "Na ce ki kunna, ban ce ki kashe ba."

Washegari 'yar kafinta ta koma bencin gaba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina kallon bakin Alƙaliya. In kuwa ba ta kalli bakinka ba, to maganarka ba za ta isa gare ta ba. Alƙaliya ta kira ta, ta sake kira. Ƙawarta tana kallon littafinta.

Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu Alƙaliya ta dawo gida ta fashe da kuka. Ta gaya wa Mama komai.

"Ni gaskiya na faɗa, Mama. Ba ya kama da na asali."

"Kin saurare shi har ƙarshe?" in ji Mama.

"A'a."

"Kin tambaye ta me ya sa ta yi shi haka?"

Alƙaliya ta sunkuyar da kai. "A'a."

"To wane irin alƙali ne yake yanke hukunci bai ji bayani ba? Wanke fuskarki ki je shagon babanta."

Shagon kafinta yana ƙarshen layinsu. Garin katako ya rufe ƙasa. Ga kujeru marasa ƙafa a jingine, ga ƙamshin fenti. Akwatin nan yana kan teburin aiki.

"Ina wuni, Baba," in ji Alƙaliya.

"Lafiya lau, 'yata. Na san abin da ya kawo ki. Zo nan."

Ya ɗauko abin toshe kunne da yake sakawa in zai kunna injin yanka katako. Kafin ya saka mata ya ce, "Ɗora tafin hannunki biyu a kan akwatin. Zan fara kunna na asali."

Ya rufe mata kunnuwa. Duniya ta yi tsit. Ta ga ya danna wayarsa. Ta jira. Ba ta ji komai a kunne ba. A hannunta ma babu komai, katako ne kawai.

Ya sake danna wayar, ya kunna na 'yarsa. Sai akwatin ya fara motsi a ƙarƙashin tafinta. Bugu uku gajeru, ɗaya dogo. Uku gajeru, ɗaya dogo. Ai kiɗan kwale-kwale ne. Ga inda yake barin tsibiri. Ga ma inda yake kunna fitila, bugun ya yi sauri sannan ya tsaya cak. Babu abin da aka tsallake.

Baba ya cire mata abin kunnen.

"Siririn sauti ba ya shiga kunnenta," in ji shi. "Shekara biyu tana ganin kina kaɗa kai in kina wasan nan. Ba ta taɓa jin abin da kike ji ba. Malaminku ne ya nuna mata hawa da saukar kiɗan a kwamfuta. Ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana mai da shi ganga. Ta ce min, ‘Baba, yanzu za mu ji shi tare da ƙawata.’"

Hawaye suka zubo wa Alƙaliya. Kunya ta kama ta ƙwarai. Ta ji tausayin ƙawarta, ta ji haushin bakinta.

Sai ta hango ƙawar tata a bakin ƙofar baya, riƙe da tsintsiya. Alƙaliya ta je ta tsaya a gabanta. Ta jira, ta jira, har ƙawarta ta ɗago ido ta kalli bakinta.

"Ki yafe min," in ji Alƙaliya a hankali. "Ba ki ɓata shi ba. Ni ce ban saurara ba."

'Yar kafinta ta ce, "Sai kin ji shi har ƙarshe. Minti uku ne. Kuma ban da surutu."

"Minti uku ba surutu?" in ji Baba yana dariya. "Yau za mu ga abin mamaki."

Suka ɗora hannuwa huɗu a kan akwatin. Baba ya kunna. A daidai wurin fitila suka kaɗa kai tare, lokaci ɗaya. 'Yar kafinta ta dube ta ta yi murmushi. Alƙaliya ba ta ce uffan ba har kiɗan ya ƙare.

Alhamis ta gaba ta roƙi Malam a sake sauraren na kowa. Ta kunna su duka, ba ta kashe ko ɗaya ba. Wani ya burge ta, wani bai burge ta ba. Amma kowa sai da ta tambaye shi, "Me ya sa ka yi shi haka?" Da aka zo kan na ganga, 'yan aji suka yi layi suna ɗora hannu a kan akwatin. 'Yar kafinta kuma ta dawo bencinsu.

Da yamma Alƙaliya ta tarar da Mama tana rera wa jariri kiɗan, tana jan shi kamar kullum. Ta zauna kusa da ita ta kama mata, a hankali, yadda ƙanenta yake so.

Tun daga lokacin ta gane cewa abin da kake so, wani ma yana iya son sa ta wata hanya dabam. Kafin ka ce wani ya ɓata abu, ka saurara har ƙarshe, kuma ka tambaye shi dalilinsa.