Sawun Lamidi

Sau uku Sakinatu tana goge gilashin kwamfutar da gefen mayafinta, ko Allah zai sa rubutun ya canza. Bai canza ba. Koren haruffan na nan daram, suna ƙyalli a cikin ɗakin mai sanyi.

LAMIDI. Juma'a. Ƙarfe biyu saura kwata.

Ta ƙara gangarawa ƙasa, ta sake cin karo da sunan a Juma'ar da ta biyo baya. Ta ci gaba da ƙirgawa har Juma'a shida.

Yau kwana arba'in da uku ke nan da binne Lamidi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

A waje hadari ya haɗo ta gabas, rana tsaka amma gari ya yi duhu kamar magariba.

A kamfanin iri da takin zamani da take aiki a Funtua, kwamfuta ɗaya ce tak, a shekarar 1988 kuwa ita ɗin ma abin kallo ce. Manoman Gozaki da Mahuta in sun zo karɓar iri sai sun leƙa ta taga sun ga talabijin mai karatu. Mutum biyu ne kawai ke taɓa ta. Na farko Lamidi, Bayarabe haifaffen Funtua, wanda ya yi kwas ɗinta a Kaduna. Ta biyu ita Sakinatu, 'yar Malam Shitu na Tsiga, da aka ɗauka buga tafireta, daga baya aka ce Lamidi ya koya mata injin.

A kan madannan kwamfutar nan so ya kama su. Ita tana ce masa Malam don tsokana, shi yana ce mata 'Yar Tsiga. Da maganar ta isa gida, dangi suka tayar da jijiyar wuya, wai ina su ina bare. Malam Shitu ma da farko ya ɗaure fuska. Amma Lamidi ya yi ta zarya Tsiga a kan babur ɗinsa, ya zauna a ƙasa ya gaishe shi, ya bi shi gona ya duba masa tsutsar masara, har dattijon ya sauko ya ce a turo manya bayan Babbar Sallah.

Sai wasiƙa ta ɓulla.

Jibo ne ya kai ta gida, ɗan baffanta, mai riƙe da siton kamfanin, wanda tun tana makaranta yake nuna yana ciki ita kuma tana kaucewa. Ya ce a kwandon shara ya tsince ta. Bugun firintar ofis ce, da sunan Lamidi a ƙasa, zuwa ga wani abokinsa a Ilori. A ciki an ce wasa yake yi da bagidajiyar ƙauye kafin a kawo masa matarsa ta gida, an kuma kira Malam Shitu tsohon da ake saye da gaisuwa.

Lamidi ya rantse har da hawaye. Ya roƙe ta ta tsaya minti biyar kawai ya nuna mata wani abu a injin.

"Ni ko kai, wa ke taɓa injin nan?" ta ce masa a ranar. "Ni ban buga ba. Kada ka ƙara kiran sunana."

Bai ƙara ba. Ya nemi a mayar da shi reshen Malumfashi. Mako uku bayan haka, ranar wata Laraba, motar taki ta bi ta kan babur ɗinsa.

Abin da ya so nuna mata ke nan yau ta buɗe. Wani ɓoyayyen fayil ne da ya shirya da kansa, yana ce masa kundin sawu, domin duk wanda ya shiga injin sai kundin ya rubuta sunansa, da rana, da lokaci, da abin da ya buɗe ko ya goge. Sau ɗaya ya taɓa koya mata yadda ake buɗe shi, tana ta dariya ta rubuta a bayan littafinta ta manta. Da safen nan manaja ya ce cikin injin ya cika, ta duba tsofaffin fayiloli ta rage, shi ne ta tuna.

Da gudu-gudu ta je ta jawo Madam Gertrude, babbar sakatariya, wadda ta riƙe ta tamkar ƙanwa tun zuwanta. Matar ta gyara tabarau ta karanta, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Matacce ba ya danna inji, Sakina."

"To wane ne, Madam? Ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Ko ni ban sani ba."

Suka duba tare. A duk Juma'o'in nan shida abu ɗaya ake yi: a shiga da sunan Lamidi, a buɗe wata wasiƙa, a goge ta. Mako na zagayowa a sake buɗe ta, a sake gogewa. Sakinatu ta nemi wasiƙar. Tana nan. Layin farko kawai ta karanta ta gane ta, kalmar bagidajiya ta sake sukar ta kamar ranar farko.

Ta koma can sama cikin kundin, ta nemo ranar da aka fara buga ta. Juma'a, goma ga watan Yuni, ƙarfe biyu saura minti goma.



Ta san ranar nan. A Tsiga Lamidi ya yi sallar Juma'a, tare da mahaifinta suka dawo daga masallaci, ita da kanta ta kai musu dambu a zaure.

"Madam... ba shi ba ne. Wayyo Allah, ba shi ba ne!"

Gertrude ta rungume ta har kukan ya lafa. Sannan Sakinatu ta roƙe ta abu ɗaya: gobe Juma'a in an tashi ƙarfe ɗaya, ta kulle ta a cikin ɗakin. Matar ta ƙi, ta kuma ƙi, daga baya ta yarda da sharaɗin za ta zauna a ofishinta, ƙofa a buɗe kaɗan.

Washegari ma'aikata suka watse masallaci. Sakinatu ta raɓe a bayan dogon kabad ɗin takardu. Ba ta taɓa sanin kamfanin na iya yin shiru haka ba. Ba motar taki, ba hayaniyar manoma, sai huɗubar liman daga nesa, iska na kawo ta tana mayarwa. Kwamfutar na lulluɓe da farin ƙyallenta a kan tebur, ta yi ta kawar da ido daga kallonta don likkafanin da take tuna mata.

Duk addu'ar da ta iya ta karanta. A ƙasan zuciyarta kuwa akwai wani abu da take jin kunyar kanta a kansa. So take ya zama shi ne.

Makulli ya juya a hankali.

Taku uku, sannan kujera ta yi ƙara. Aka yaye ƙyallen, injin ya fara gurnaninsa. Ta ji ana danna madannai da yatsa ɗaya, a daddafe, ta ƙirga. Shida. Tana jin inda kowane ya faɗo, domin hannunta ya san madannan nan kamar tafinsa. Sunanta ne. Sakina. Kalmar sirrin Lamidi ke nan.

Ta leƙo.

Jibo ne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gumi na bin ƙeyarsa duk da sanyin ɗakin, yana magana ƙasa-ƙasa da gilashin.

"Ka bar ni haka... don Allah ka bar ni haka."

"Yaya Jibo."

Ya zabura, kujerar ta kife da shi. Da ya ga ita ce, sai ya zauna nan ƙasa ya kama kai. Bai ma yi gardama ba. Ya ce makullan sito na tare da na ko-ta-kwana na ɗakin nan, ya daɗe yana tsayawa a bayan Lamidi yana kallon yatsunsa har ya haddace. Shi dai so ya yi a raba su, bai nufi mutuwa ba. Tun da aka yi rasuwar yake zuwa ya goge wasiƙar don kada wani ya gani, amma duk Juma'a sai ya tarar ta dawo. Rabonsa da sallar Juma'a mako bakwai, rabonsa da barcin kirki ya manta.

Wannan kam Sakinatu ta san dalilinsa. Duk Litinin da safe takan sa wani faifan ajiya da Lamidi ya bar mata, wanda ke mayar da duk fayil ɗin da ya ɓace. Ashe da hannunta take dawo masa da zunubinsa ba ta sani ba. Ta faɗa masa haka, murya a bushe.

Ta zaci zai ji sauƙi. Sai ya ɗago jajayen idanu ya girgiza kai.

"To ɗayar fa? Ke kika rubuta ta?"

"Wace ɗayar?"

"Mai sunanki. Wallahi tallahi ba ni ba ne, Sakinatu. Ranar da na fara zuwa bayan rasuwar na tarar da ita. Ita ko goguwa ba ta yi."

Gertrude ta riga ta shigo, tana tsaye bakin ƙofa. Sakinatu ta tayar da kujerar ta zauna. A cikin fayilolin Lamidi akwai wani ƙarami da ba ta taɓa gani ba. Kafin ta buɗe shi ta koma kundin sawu ta nemi asalinsa, ta same shi a maƙale tsakanin ɗaruruwan layukan da ke ɗauke da sunanta.

LAMIDI. Laraba, sha uku ga Yuli. Ƙarfe huɗu saura minti biyar.

Ta juyo ta kalli Gertrude. Babu wadda ta manta Larabar nan a cikinsu. Iska ta karya turken wuta tun ranar Talata, janareta kuma an kai shi gyara. Kwana biyu ba a kunna ko fanka ba a kamfanin. A cikin ɗakin nan Sakinatu ta yini tana buga tsohuwar tafireta, ta ba kwamfutar baya, ita kaɗai, har aka aiko daga Malumfashi.

Ta buɗe fayil ɗin. Layi uku ne.

'Yar Tsiga, ba hannuna ba ne. Ki duba sawu.
Ban riƙe ki da komai ba.
Ki gaishe mini da Baba.

Ruwan da ya yini yana haɗuwa ya ɓarke a kan kwanon rufi.

Ranar Asabar ta tafi Tsiga da doguwar takardar da ta buga daga kundin. Malam Shitu bai yi boko ba, ita ta karanta masa ranar da lokacin da aka buga wasiƙar zagin. Ya ce a sahu ɗaya suka tsaya da Lamidi ranar, kafaɗar yaron na gogar tasa. Da Jibo ya zo ya durƙusa, dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ba gafararsa zai nema ba, ya je ya nemi ta wanda ke kwance a ƙasa, in ya san hanya. Cikin makon Jibo ya ajiye aiki ya bar garin.

Zancen layi ukun nan Sakinatu ba ta yi wa mahaifinta ba. Ba ta san ta inda za ta fara ba.

Shi da kansa ya ce ta shirya ta raka shi Funtua wurin mahaifiyar Lamidi, Iya Funmilayo mai sayar da kwanuka a kasuwa, wadda ko gaisuwar mutuwa ba su je mata ba. Suka same ta a tsakar gida tana tsince wake. Malam Shitu ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da ya rage komai ba. Ya ce sun zalunci ɗanta, shi ne kan gaba.

Iya ta share ido da bakin zaninta. Ta ce ita dama ta san abin da ta haifa, amma ta gode da suka tako. Sai ta miƙo hannu.

"Zo nan, 'yata. Ke ma ai rashi kika yi."

Sakinatu ta faɗa jikinta.

Tana shafa mata baya take ba su labarin ranar. Ta ce ta iske shi a asibiti da sauran numfashi, bai iya magana ba. Can sai yatsunsa suka fara motsi a kan bargo, duka goma, da sauri, irin yadda yake yi a wurin aiki. Nas ta zo za ta danne hannun, ita ta hana. Ya yi ta yi, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya danna da ƙarfi kamar wanda ya kammala. Fuskarsa ta saki, ya yi kalmar shahada.

"Da wane lokaci, Iya?" Sakinatu ta tambaya, kanta na kan cinyar matar.

"Ladan na kiran la'asar."

Sakinatu ta ƙanƙame zanin matar. Iya ta ɗago fuskarta da tafukan hannu biyu, ta daɗe tana kallon cikin idonta.

"Ya iso gare ki ke nan," ta ce a hankali. "Me ya ce?"

"Ya ce... bai riƙe ni da komai ba."

"Sai me?"

Sakinatu ta juya wajen mahaifinta, hawaye na zuba.

"Baba, ya ce in gaishe ka."

Malam Shitu bai tambayi yaushe ba, bai tambayi ta yaya ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ina amsawa," ya ce.