Hannun Aro

"Wa ya ce ki zare abin da muka ɗaure miki hannun nan a kai?"

Auta ba ta ɗago ba. Idonta na kan bandejin da nas take warwarewa, kowane zagaye ya fi na bayansa ja. Da aka kai ga fata sai ga ɗinki ya buɗe ta gefe guda, wuyan hannun ya kumbura suntum.

Likita ta sake tambaya. Mama ce ta amsa daga bakin gado cikin takaici.

"Hira ta yi, likita... hira da saurayi."

Likitar ta dubi uwa, ta dubi 'ya, a zatonta ba'a ake yi mata. Ina ruwan hira da ɗinkin hannu? Sai da Mama ta ƙara da cewa saurayin kurma ne, sannan likitar ta ajiye almakashi.

Auta malama ce a makarantar yara kurame. A can ta haɗu da Kafinta, ranar da ya zo gyaran bencinan ajinta. Ba ya ji, ba ya magana da baki, amma in ya ɗaga hannuwan nan nasa masu kanta sai ka rasa inda za ka tsoma taka maganar. Sarkin tsokana ne. A ranar farko ya gaya mata maganar hannunta irin ta littafi ce, ba gishiri, shi zai koya mata ta gaske. Ya kuwa koya mata, har ya haɗa da abin da ba ta tambaya ba, don kafin ya gama da bencina ya gama da zuciyarta.

Sai ga wani ƙululu ya fito mata a bayan wuyan hannun dama, kamar ƙwan tantabara. Da farko ba ya ciwo. Aka zuƙe shi da sirinji, wani ruwa mai yauƙi ya fita, bai jima ba ya dawo da ƙarfinsa. Da ya fara danne jijiya, yatsunta suna mutuwa tana tsakiyar darasi, likita ta ce sai an cire shi har saiwarsa. Aikin bai ɗauki lokaci ba, a ranar ta koma gida. Aka kwantar da hannun a kan wata roba mai tauri aka naɗe, aka ce ta riƙa ɗora shi a kan filo, kada ruwa ya taɓa, kada wuyan hannun ya lanƙwashe ko kaɗan.

Ga kowa wannan ɗaure hannu ne. Ga Auta ɗaure baki ne.

Kuma a mugun lokaci ya zo. Baba ya ce in ta warke zai saurari maganar aurensu, amma Mama ba ta so, ba ta kuma ɓoye ba. Ita dai ba ta ga yadda za ta yi da surukin da ba zai ji sallamarta ba. Goggo, ƙanwar Baba, ta fi ta zafi, don tana da nata ɗan takarar, wani mai kemis a bakin titi, mai yawan turare da yawan shawara.

Ranar da Kafinta ya zo dubiya, Goggo ta kafa kujera a gefensa. Tana yi masa murmushi har kunne, da bakin nan kuma tana faɗin abin da ta ga dama.

"Dubi bawan Allah, zaune kamar hoto. To yau da wane baki za a yi zancen?"

Ya mayar mata da murmushin cikin ladabi, ya juyo ya tambayi Auta me Goggo ta ce. Wannan murmushin nasa shi ya karya mata zuciya. Ta gwada da hagu, maganar ta fito a gutsure kamar ta yaro mai koyo. Ta ga damuwa ta cika masa ido. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta zare robar ta bar bandeji, ta dawo ta zauna. Ta gaya masa kada ya damu, ta gaya masa ta yi kewarsa, ta gaya masa ba wanda ya isa. Daɗin magana ya hana ta jin zafi.

Shi ya fara ganin jinin.

Yanzu ga shi an sake ɗinki, an sake ɗaurewa, likita ta ce in ta kuma, ita ba ruwanta da abin da zai samu hannun. Auta ta ce ta ji. A ranta kuwa lissafi take yi, in ya zo gobe za ta zauna a kan hannun ne ma in ta kama.

Bai zo ba.

Jibi ma bai zo ba.

Ta kira shi ta bidiyo, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta rubuta masa saƙo da babban yatsan hagu, kalma guda sai ta goge sau uku. Amsa ta zo gajera, busasshiya, shi da ma rubutu ba yarensa ba ne.

"Ki huta. Ki manta da ni."

Ta karanta har haruffan suka narke a idonta. Ta manta da shi? A kan me? Jinin ne ya ba shi ƙyama, ko kuwa ya ga mace mai hannu ɗaya ba ta da amfani a wurinsa? Tsoro ya kama ta, irin tsoron da ba ta ji ba ko a ɗakin tiyata.

Jinya ta zame mata azaba. Hannun yana zogi in ta sauke shi, yana ƙaiƙayi a inda ba ta isa ta sosa ba. Mama ke ɗaura mata leda in za ta yi wanka, Mama ke taje mata kai, Mama ke saka mata maɓallin riga. Cokali a hagu, rabin abinci a baki rabi a cinya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cinta shi ne maganar da ta taru mata a yatsu ba inda za ta zuba. Wani lokaci sai ta tsinci yatsun dama suna motsi a cikin bandeji, suna kiran sunan da take kiransa da shi.

Ta rame. Mama tana gani, tana kawar da kai.

Mai Kemis kuwa ya samu fili. Kullum yana tafe da ledar lemo da ayaba, ya zauna ya harɗe ƙafa ya yi ta bayani a kan magunguna, kai ka ce shi ya yi tiyatar. Yana kiranta sarauniya, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Yawan surutun nan nasa shi ya tona masa asiri. Wata yamma, Mama na ninke kaya a gefe, ya ce ai gara da shi mutumin ya gane gaskiya da wuri, ya ja jikinsa tun kafin ya nakasa ta.

"Wace gaskiya?"

Ya so ya waske, ta kafe shi da ido. Ya yi 'yar dariya ya ce ba wani abu ba ne, shi da Goggo ne suka leƙa shagon Kafinta don taimako. Ya nuna masa hoton wani hannu a waya, wanda ya ruɓe har aka yanke. Suka nuna hoton, suka kwaikwayi maganar hannu, suka nuna shi. Ai ba ya buƙatar tafinta, nan take ya gane.

Auta ta miƙe tsaye.

Ashe ba gudunta ya yi ba. An gaya masa shi ne ciwon, kuma ya yarda, don da idonsa ya ga jininta.

"Tashi ka fita," in ji ta, a hankali. "Ka ɗauki lemonka."

 Mama dai rigar da ke hannunta ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

Ranar cire zare, nas na tsinke ɗinki ɗaya bayan ɗaya, Auta ta dubi likita ta ce tana da tambaya, kuma tana so a amsa mata a gaban mahaifiyarta. Maganar hannu ce ta jawo mata ƙululun nan?

Likita ta ce ita ba za ta ɗora wa maganar hannu laifi ba. Irin wannan yana fito wa mai ɗinki, yana fito wa wanda ba ya aikin komai, sau da yawa ba a san dalili ba. Yana iya dawowa, ba ta yi alkawari ba, amma ba abin yanke hannu ba ne. Abin da ya ɓata mata ɗinki gaggawarta ce. Ta ƙara haƙuri da robar na ɗan lokaci, daga nan a fara motsa shi sannu a hankali, taurin zai saki.

"Daga nan ki yi ta surutunki har ya gaji da ke."

Suna fita Auta ta ce ba gida za ta ba. Mama ta ce ba ta isa ba. Ta ce to sai dai a ɗaure ta a ƙofar asibiti. Ta kama hanya tana kuka, hannu rataye a wuya, Mama na biye da ita tana faɗa, har bakin shagon Kafinta.

Yana tsaye yana goge katako, garin itace ya yi masa fari a gashi. Shi ma ya zube, rigarsa ta yi masa yawa. Ta buga teburin da hagu, ya ji girgizar a tafinsa ya ɗago.

Fuskarsa ta haskaka kafin ya tuna.

Ita kuwa hannun nan na dama da ba ya jin magana tuni ya zabura daga cikin ƙyallen. Yana ganin haka ya juya mata baya.

Mai ji ko ya juya baya sai ka kira shi. Shi in ya juya, shi ke nan, ya rufe ƙofa ya zare makulli. Ta zagaya gabansa, ya sake juyawa. Ta kuma, ya runtse ido gam, hawaye na fita ta gefe.

"Ka dube ni..." ta faɗa da baki, ita da ta fi kowa sanin ba zai ji ba. "Don Allah ka dube ni, rabin raina. Ƙarya suka yi maka..."

Ba abin da ya motsa sai kafaɗunsa.

Ta rasa ta yi. Ta sa haƙori ta kama bakin bandejin za ta kwance, in ya so hannun ya lalace, ita dai ya ji ta.

"Ke! Kul!"

Mama ce ta damƙe ta. Ta tsaya tana haki, tana duban 'yarta, tana duban bayan mutumin nan da ya zaɓi ya rasa yarinyar a kan ta rasa hannu. Ta daɗe a haka. Sai ta ajiye jakarta a kan katako.

"Kawo hannun nan."

Ta kama damtsen Auta na dama ta maƙale shi a jikinta, ta riƙe gam da hagunta. Ta ja ta suka zagaya gabansa, ta taɓa shi a kafaɗa. Ya buɗe ido ya ga Mama. Ko me yake ji, ba zai juya wa babba baya ba.

"Ga nawa na dama," in ji Mama. "Nuna mini yadda ake yi. Kuma ki yi a hankali, ni ba 'yar ajinki ba ce."

Auta ta lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, yatsun da suka saba da wanki da tsintsiya, masu taurin kai irin na mai su. Hagu ta 'ya, dama ta uwa, suka haɗu a tsakiya suna karo da juna. Kalma ta farko ta rushe, suka sake. Ta biyu ma sai da Mama ta yi tsaki.

"Ba kai ba ne," suka ce masa. "Likita ta faɗa. Zan warke. Ka dawo."

Ya dubi hannuwan biyu. Ya dubi Auta. Sannan ya tambayi Mama, da alamar da ko jariri zai gane, ko gaskiya ne.

Mama ta gyaɗa kai.

Ya durƙusa a cikin garin katako ya rufe fuska. Da ya miƙe, ya jawo kujera ya zaunar da Mama, ya tara guntayen katako a kan tebur ya shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya nuna wa Auta ta ɗora hannun a nan. Ya ce daga yau har ta warke shi ne mai magana, nata gyaɗa kai kawai. Ya ce da ma ta cika katse shi.

Ta yi dariya da hawaye a fuska.

Ya juya ga Mama ya yi wata doguwar magana, a nutse. Mama ta zunguri Auta ta ce me yake cewa.

"Wai yaushe zai turo manyansa wajen Baba..."

Mama ta dubi tafin hannunta.

"Ki ce masa ya bari ki warke," ta ce. Auta ta ɗaga hagu za ta faɗa, Mama ta kaɗe ta. "A'a, tsaya. Nuna mini, ni zan gaya wa surukina da kaina."