Masarar da Aka Saya Tana Gona

"Zailani, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka karanta babi na huɗu kafin ka je wurin Baba?"

Muna tsaye a ƙofar gidanmu a Dangora, ana loda masarar Baba a motarsa. Buhu arba'in.

Sai ya hau gyara hula.

A 1993 ne, ina digiri na biyu kan tattalin arziki a Zariya. Bincikena kan cinikin gaba ne: ɗan kasuwa ya yanke farashi da manomi tun amfani yana gona, ya ba da kafin alƙalami, in kaka ta yi ya ɗauka a haka, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. A manyan kasuwannin duniya da takarda ake yi. A wajenmu da baki ne, da shaidu biyu.

Zailani ɗan kasuwar hatsi ne a Kiru, shi ya haɗa ni da manoma har Burumburum. Daga nan aka fara "Sauden raina", ni kuwa da duk bokona na narke kamar man shanu a rana. Aka sa ranar aure bayan kaka.

Yakan karɓi rubutuna ya tafi da shi, wai yana son ganin abin da ke ɗauke masa hankalina. A babi na huɗu na lissafa cewa masara za ta ninka kafin ƙarshen shekara. Ban gaya wa Baba ba. A ganina aikin makaranta ne, me ya haɗa shi da gona?

Bayan sati biyu Zailani ya je ya yanke da Baba a farashin bara. Har godiya Baba ya yi, wai suruki ya rufa masa asiri da kuɗin taki.

Masara ta ninka har da ɗoriya. Ladan, ɗan kawuna da ya daɗe yana nemana, ya bi gari yana cewa na haɗa baki da saurayi mun cuci mahaifina. Inna ta daina amsa gaisuwata. Yayyena suka ce a fasa cinikin, Baba ya ce a gaban mutane ya yi magana, ko buhu ɗaya ba zai rage ba.

"Masoyiyata... don mu na yi," in ji Zailani a ƙarshe, muna tsaye bakin motar ranar lodin. "Lefenki, da ɗakin da za ki zauna..."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

Na ji zafi ƙwarai, amma ban ɗaga murya ba. Na shiga gida na ce a mayar masa da kayansa.

"Uwata, ciniki daban, aure daban," Baba ya ce. "In kina sonsa ban hana ba."

"Ina sonsa, Baba. Amma duk abin da zan gaya masa nan gaba, sai na tsaya tunanin wa zai cuta da shi."

Shekara ta zagayo na je kare bincikena. Malamin da aka ɗauko daga wata jami'a ya yaba misalin manomi na goma sha bakwai, mai buhu arba'in. Ya ce abu ɗaya ban bayyana ba: a ina ɗan kasuwar ya sami labarin farashi zai hau?

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yar manomin ce ta ba shi."