An Ɗinke Ta Tun Tana Ciki

"Ka hana ta, Wendell! Ba kai ne mijin ba?"

Surukata ce, Mama Odessa, tsaye a ofishin likita a Cleveland. Na sunkuyar da kai. Tunda na auri Lorraine, ko launin labule ban taɓa hanawa ya hanu ba.

Sai da furfura ta gama da gemuna muka samu cikin nan, hoton asibiti kuma ya nuna ƙashin bayan yarinyar bai rufe ba. Likitar ta ce za a iya buɗe mahaifa a ɗinke shi, a mayar da ita. In an jira haihuwa, da wuya ta taka.

"To ina matsalar?" na tambaya.

Likitar ta ce, "Rabin yarinyar naka ne, baƙuwa ce a jikin uwarta. Garkuwar jikin kawar da kai kawai ta yi. Wuƙa na taɓa wurin za ta farka, ta yarinyar ma haka. Kumburi kan tayar da naƙuda lokaci bai yi ba... uwar ma ba ta tsira daga haɗari ba."

Lorraine ta harare ni. "Ni da na jure shi sukutum, rabinsa ne zai gagare ni?"

Ni kaɗai na yi dariya.

"Ranki za ki saka a caca saboda wadda ko ganinta ba ki yi ba?" in ji Mama. "Ke na haifa!"

"Abin da kike ji a kaina, Mama, shi nake ji a kanta... Kai fa, tsohona?"

"Tsoro nake ji, masoyiya. Ke na sani, ita ban san ta ba. Amma in kin shiga, ina bakin ƙofa."

Aka yi aikin. Zazzaɓi ya zo ya tafi, Lorraine ta yi makonni a kwance. Mama ta daina yi mini magana. In ta kawo miyar kaza, cokali ɗaya take sakawa, na 'yarta kaɗai.

Duk da haka naƙudar ta yi gaggawa. Yarinya ta fito kamar 'yar tsana, aka sa ta a kwalba. Na turo Lorraine a keken marasa lafiya, muka tarar da Mama ta zura yatsa tana shafa tafin ƙafar jaririyar.

Ƙafar ta harba.

"Ta shure ni!" Hawaye na bin kumatunta. Ta laluba ta kamo hannuna. "Matso mana, ɗana... kai ma ta shure ka."