Sautin da Waya Ta Haɗiye

Mai Lasifika ya yi ƙarya, kuma da saninsa ya yi ta. Da jahili ne ya faɗi abin da ya faɗa, da an yi masa uzuri. Amma mutumin da ya shekara tara yana ba da hayar lasifika a wuraren taro ya san abin da ƙaramar waya take iya fitarwa da abin da ba ta iyawa. Da wannan sanin ya nemi raba 'yar kawunsa da wanda take so.

Kawun nasa yana da kantin magani a ƙasan wani bene, 'yar ce take tsaron kantin da rana. Wani mai gyaran firji ya kama hayar ɗakin da ke sama. Ba a yi mako ba ta lura kullum da la'asar kwalaben maganin tari suna rawa a kan kanta, alhali ba mota ce ta wuce ba. Ranar da ɗaya ta tako har baki ta faɗo ta fashe, ta rufe kantin ta hau sama da wuyan kwalbar a hannu.

Ta same shi a bakin gado, rungume da doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, an jona ta da akwatin sauti da ke ƙasa. Wayarsa na jingine da gwangwanin madara tana ɗaukarsa. Ya ce wannan jitar ita ake kira bes, ita ce take riƙe kiɗa daga ƙasa. Ba shi da malami. Waƙar da kowa ya sani yake kunnawa, ya yi ta bin gaɓa ɗaya har yatsunsa su riƙe ta, sannan ya naɗi nasa a kan waƙar ya ɗora a intanet. Masu kallonsa arba'in ne, ciki har da yayarsa.

Ta ajiye wuyan kwalbar a gabansa.

"Ga mai kallonka ta arba'in da ɗaya," in ji ta. "Daɗi ya kashe ta."

Ya ba da haƙuri, ya ɗora akwatin a kan matashi biyu, ya karɓi lambarta wai don ya riƙa tambayar lafiyar sauran kwalaben. Haka kuwa ya yi, yana kiranta Mai kwalabe, ita kuma tana kiransa Girgizar ƙasa.

"Mai kwalabe, yau fa?"

"Girgizar ƙasa, maganin ciwon ciki ne kawai ya motsa. Kuma ka sake tuntuɓe inda ka yi jiya."

Daga ƙarƙashin rufi ba ta jin waƙar, nasa kaɗai take ji, har ta haddace wurin da ƙaramin yatsansa ba ya isa da wuri. In ya tsallake wurin lafiya takan sami kanta tana murmushi gaban mai sayen maganin mura. Bayan wata takwas ya turo wansa wurin mahaifinta.

Tsohon bai damu da kiɗa ba, bai kuma tsane shi ba. Ƙarya ce kaɗai ba ya yafewa. Ya taɓa sallamar ma'aikacin da ya shekara shida a kantin saboda ya goge kwanan watan da ke jikin kwali ɗaya. Mai Lasifika ya san haka, kuma ya daɗe yana ganin yarinyar tasa ce ko ba a faɗa ba. Ya zo ya zauna, ya buɗe bidiyon mai firji a wayarsa, ya miƙa wa kawunsa.

"Kawu, saurara da kyau. Ga waƙar, ga ganga, ga murya. Shi ina nasa?"

Tsohon ya kalli yatsu suna yawo a kan tsirkiya, bai ji komai daga gare su ba. Mai Lasifika ya ce haka ake yi yanzu, a kunna aikin wani, a motsa hannu, a karɓi yabo. Da yamma uban ya faɗa wa 'yarsa cewa wanda ya yaudari mutum arba'in don yabo ba zai sha wahalar yaudarar mace ɗaya ba, maganar ta mutu.

Ita ba ta taɓa buɗe bidiyon ba, tunda mai yin sa yana saman kanta. Ta buɗe a wayarta. Ita ma ba ta ji shi ba. Ta tura masa saƙo.

"Na kalla. Ban ji ka ba."

"A me kika kalla?"

Ta ɗauki tambayar a matsayin zilliya, ta yi kwana biyar ba ta amsa ba. Wannan laifinta ne, ba za a ɓoye ba. Wanda ka yi wata takwas kana jin gumin yatsunsa ya cancanci ka ji amsarsa. A kwanakin nan sama ta yi tsit, kwalabe suka zauna inda aka jera su.

A rana ta shida ya sauko da kayan aikinsa a kafaɗa, ya ajiye abin sauraro mai rufe kunnuwa a kan teburin kantin, ya wuce wurin gyara. Saƙo ya biyo baya.

"Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Sa wannan ki sake kalla. In ba ki ji ni ba, ba zan ƙara damunki ba, Mai kwalabe."

Ta sa. Ga shi nan a ƙarƙashin waƙar, da nauyinsa, har da tuntuɓen da ta sani. Bai gyara ba, bai ɓoye ba.

Uban ya ƙi sa abin a kunnensa. Ya ce kayan wanda ake tuhuma ba ya zama shaida. Ta ce ya yi gaskiya, to a yi da kayan wanda ya kawo tuhumar. Tsohon ya aika wa ɗan 'yar'uwarsa Mai Lasifika ya zo da lasifikarsa mafi girma, bai faɗa masa dalili ba.

Aka ajiye ta a tsakiyar kantin. Uban ya ce a jona wayar nan dai, a kunna bidiyon nan dai. Mai Lasifika ya fara cewa igiyar jona lasifikar ta lalace, kawunsa ya ce yana da lokacin jira. Aka kunna. Sautin ya shiga ƙirjin kowa, gilashin tagar ya ɗauki rawa. Da aka zo wurin tuntuɓen, yarinyar ta ɗaga yatsa, ta ce mawaƙan asali ba su yi wannan ba.

Uban ya juya ga ɗan 'yar'uwarsa.

"Sana'arka ce. Ka san waya ba ta fitar da shi?"

Mai Lasifika ya hau naɗe igiyar lasifikarsa. Ba a sake tambayarsa ba.

Tsohon ya hau benen da kansa, yana hutawa a kowace matakala ta huɗu, ya nemi afuwar mai firji a bakin ƙofarsa. Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Uban ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu faɗin gaskiya. Amarya ta ce wa mijinta kiɗan ta amince da shi, amma ƙaramin yatsan nan sai ya ƙara ƙoƙari. Ya ce yanzu yana da mai gyara masa a gida.

Mai Lasifika bai halarta ba, don ba a gayyace shi ba. Kawunsa ya tara dangi ya faɗi abin da ya yi a gabansa, ya hana shi shiga gidan da kantin. Shekara uku ke nan, ba a janye ba.