Gangar Noma a Gonar Suruki

Yusha'u ya gama cin tuwo ya kife kwanon, yatsunsa suka fara bugun gindinsa bai ma sani ba. Zara'u tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji sautin har cikin ƙirjinta. Da ya lura tana kallonsa sai ya janye hannun kamar wanda aka kama da sata.

– Yi haƙuri, mantuwa ce.

Haƙurin nan shi ya fi ƙona mata rai, domin ita ya kamata ta ba shi. Yusha'u jikan makaɗan noma ne, a bakin ganga ta fara ganinsa a wani biki a Tasawa, kuma muryarsa ce ta sace ta. Amma da maganar aure ta taso, Gwaggo Mairo, ƙanwar mahaifinta, ta taɓe baki ta ce kaf zuri'arsu ba a taɓa kai ɗiya gidan maroƙi ba. Kunya ta rufe Zara'u. Ta ce wa mahaifinta, Malam Mumuni, yaron ɗan kabu-kabu ne kawai. Ta koma wa Yusha'u da hawaye, wai Baba ya rantse sai ya bar kiɗa. Baba kuwa ko a mafarki bai faɗi haka ba! Bawan Allah ya mayar wa kawunsa gangar, ya hau moto yana kabu-kabu. Ya zama miji nagari, mai shiru, dariyarsa ma ta koma ta ladabi.

Damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ƙarfin gonar Malam Mumuni a ƙauyensu na Korgom, ga ciwon baya. Ya kira gayya. Suruki ba ya ƙin gayyar suruki, sai Yusha'u ya goyo matarsa suka tafi.

Rana ta ɗaga Zara'u ta kai fura gona, ta tarar aiki ya mutu. Tsoho Manzo, makaɗin gayyar, zazzaɓi ya kayar da shi gindin gawo, gangarsa a gefe. Samari sun jingina da hauyoyinsu, wasu har sun fara neman takalma.

– Gayya ba kiɗi? Ai sai dai mu dawo wata rana, Baba! in ji ɗayansu.

Kafin wata ranar kuwa ciyawa za ta gama cinye geron. Zara'u ta dubi mijinta. Idonsa na kan gangar, amma bai motsa ba, yana riƙe da alkawarin ƙarya. Ta dire ƙwaryar, ta durƙusa gaban mahaifinta, kuka ya ƙwace mata.

– Baba, mijina makaɗi ne. Ni na ɓoye maka. Ni kuma na hwaɗa mishi ka rantse sai ya bari.

Malam Mumuni ya dube ta.

– Ni na rantse? Yaushe munka yi haka da ke? Da kin tambaye ni, ƙila in ƙi, ƙila in yarda. Sai ki ɗora mini zunubin wani, ɗiyar nan?

Ba ta iya ɗaga kai ba. Yusha'u ya ajiye hauya, ya tafi gindin gawo ya rataya gangar.

– A'aha! in ji Gwaggo Mairo da ke gefen gona, ta dafe ƙirji. Gaban surukinai zai buɗe baki? Ina kunya taz zamna?

Bugun farko gula ta zame masa. Ya ɗaga murya, ta shaƙe, samari suka bushe da dariya. Zufa ta jiƙe masa riga, tsoro ne ƙarara a fuskarsa. Ya rufe ido ya sake bugawa, ya sake, har hannun ya tuna hanyarsa. Dariya ta ɗauke. Wani ya tofa yawu a tafi ya ɗauki hauya, na kusa da shi ma haka.

Saura abu guda. Kiɗan noma sai an kira sunan mai gona, suruki kuwa ba ya kama sunan surukinsa. Kowa ya kasa kunne. Yusha'u ya ja numfashi ya saki murya:

– Gonar baban Zara'u ce, maza ku duƙa! Baban Zara'u, ba a kwana da ciyawa!

Ihu ya tashi, ƙura ta bi bayan hauyoyi. Malam Mumuni ya juya baya don kunya, ya zauna yana fuskantar gawo, amma kowa na ganin ƙafarsa tana bin kiɗan. Zara'u kuwa da ta ji sunanta cikin muryar da ta binne da hannunta, sai kukan ya ƙaru.

Kafin la'asar an share gonar. Zara'u ta kawo wa Yusha'u ruwa.

– Ka yahe mini, don Allah.

Ya nuna mata tafinsa, duk ya yi bororo, yana dariya irin ta da.

– Na yahe. Amma ke za ki ɗauko gangata gidan Kawu, bisa kanki, da rana tsaka!

Haka kuwa aka yi, ta ratsa kasuwar Tasawa da ita ba ta sunkuyar da kai ba. Ƴan'uwana, wanda kuke so kada ku ji kunyar baiwar da Allah Ya yi masa, kuma kada ku ari bakin iyaye ku yi ƙarya. Yusha'u ya yi haƙuri, Allah Ya mayar masa da muryarsa a gonar da aka ce an hana shi.