Ɓerayen da Suka Manta Hannunta

Da ɗalibar ta ce an sace mata ɓeraye, sai duk ofishin karɓar ƙara ya kwashe da dariya. Kofur ya ce ta bi shi gida ta kwashi na kicinsa kyauta, har ya ƙara mata da buhun zubawa.

Sufeto bai yi dariya ba. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota a yatsa. Irin wannan dariyar ce ta ishe shi a aikin nan. Mutum ya zo da kuka, a tarbe shi da haƙora, a ce masa ba komai, a koma a miƙe ƙafa a benci. Rabin ɓarnar da ya taɓa bincikawa da "ba komai" ta fara.

Ya kira ta ofishinsa. Ya nuna mata kujera, shi kuwa ya kasa zama.

Ta yi masa bayani a taƙaice. A cibiyar binciken magunguna take karatu. Suna gwada ruwan wani ganye mai ɗaci da tsofaffi ke jiƙa wa mai ciwon shawara, don a ga ko da gaske yana kare hanta. Ana ba ɓeraye wani sinadari mai wahalar da hanta, sannan kullum da safe ta ɗura musu ruwan ganyen a baki. Waɗanda ke shan kaɗan suna murmurewa. Waɗanda ke shan mai kauri, wato irin wanda ake shirin zubawa a kwalba, sun rame, gashinsu ya tashi, sun daina cin abinci. Haka ta bar su a ƙarshen mako. Yau ta dawo ta tarar da su ɓul-ɓul, sai sheƙi suke yi.

"Nawa suka ɓata?"

"Ko ɗaya, yallaɓai. Takwas na bari, takwas na tarar. Amma ba nawa ba ne."

"Idan aka ƙyale fa?"

"Gobe a ɗebi jininsu, a ga lafiya lau. Jibi kwamiti ya zauna, ya ba da izini a fara bai wa masu ciwon hanta da ke kwance a asibitin da ke jikinmu."

Sufeto ya daina kaɗa makullin. Ya leƙa waje ya ce wa Kofur ya sa hularsa, tunda shi ne gwanin ɓeraye.

Ɗakin dabbobin yana ƙarshen wani dogon baranda. Warin fitsari da dusar katako ya tarbe su. Kejuna ne jere a kan kanta, kowanne da kwalbar ruwa a kife.

Ɗalibar ta buɗe kejin masu shan kaɗan ta sa hannu. Fararen ɓeraye suka taso suna hawa yatsunta, ɗaya har ya kwanta a tafinta. Ta buɗe na masu shan mai kauri ta sa hannun nan dai. Suka watse suka cure a lungu, wani ya buɗe baki yana nuna haƙora.

"Tun suna ƙanana nake riƙe su kullum," ta ce. "Ɓera ba ya manta hannun da ke ba shi abu a baki."

Kofur ya ce wataƙila sauƙin da suka samu ne ya sa su girman kai, haka mutane ma suke. Sufeto ya harare shi, ya tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin.

Mai kula da dabbobin dattijo ne da duk cibiyar ke kira Baban Ɓera. Ya rantse cewa bai ɗaga ko'ina ba, ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita.

Sufeto bai saurari rantsuwar ba. Ya zarce ɗakin baya, inda ake kiwon sababbin ɓerayen da ba a fara gwaji da su ba. A can ƙasan kanta ya ga wani keji ba kowa a ciki, amma kwalbar ruwansa da saura, kashin da ke kan dusar kuma bai gama bushewa ba.

"Baba, masu wannan ɗakin sun tafi unguwa ne?"

Dattijon ya sosa ƙeya. Ya dubi kejin, ya dubi ƙofa. Can ya ce gaskiya jikarsa ce ba ta da lafiya, Dakta ya ce ya je ya duba ta, shi zai ciyar da dabbobin. Shi ne ya ba Dakta makullin. Ya roƙi kada a faɗa wa shugaba.

Dakta shi ne jagoran binciken, kuma malamin ɗalibar. Sun same shi a ofishinsa tare da Farfesa, shugaban cibiyar, wanda ya ji an ce 'yan sanda sun shigo ya taso da tumbinsa. Duk tagogin ofishin a buɗe suke, fanka na gudu a lamba ta ƙarshe har takardu na tashi. Duk da haka Sufeto ya ji idonsa na yaji.

Farfesa ne ya fara magana, ya kuma daɗe yana yi. Ya ce yaran yanzu ba sa son labari mai daɗi. Allah ya ba dabbobi lafiya, maimakon a gode, an kira hukuma. Ya ce cibiya tana da suna, kuma abin cikin gida a cikin gida ake kashe shi. Sufeto yana ta sauya ƙafa. Ya san irin waɗannan manyan. Gini zai iya cin wuta a kansu, su dai kada hayaƙin ya fita titi.

Ya juya ga Dakta.

"Kai ka ciyar da su?"

"Ni ne. Taimako na yi."

"Ka taɓa su?"

"Abinci kawai na zuba."

"Me ya sami yatsanka?"

Dakta ya dubi filastar da ke babban yatsansa. "Wuƙa ce, wajen yanka ganye."

"Wuƙa mai haƙora biyu?"

"Sufeto, ko cizo ne, a nan kowa ya sha cizo. Ba laifi ba ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma Sufeto ya san haka. Keji marar kowa da yatsa mai filasta ba za su hana kwamiti zama ba. Sai an ga ɓerayen farko, a raye ko a mace.

Suka bi ko'ina. Kofur ya zazzage kwandunan shara yana toshe hanci. Suka buɗe firjin ajiye gawar dabbobi, ba komai sai ƙanƙara. Suka je wurin ƙona shara, suka tarar injin ya daɗe da lalacewa, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, kuma ba wanda ya damu ya kai rahoto. Rana ta karkata. Sufeto yana kai-komo a barandar, daga nan yana hango tagogin asibitin, da wata mata a bakin gado tana yi wa wani ramammen mutum fifita.

Ya tsaya cak a gaban ɗalibar.

"Ƙanwata, idan ɓeranki ya mutu ana cikin gwaji, me kike fara yi?"

"In buɗe shi in ciro hantar, in sa a ruwan adanawa."

"Ko ba wanda ya sa ki?"

"Ba a zubar da hanta, yallaɓai. Shi ne abu na farko da Dakta ya koya mana. Ya ce wanda ya jefar da hanta bai duba ba, ya jefar da amsar."

"Ruwan nan yana da wari?"

"Yana sa ido yaji."

Sufeto bai jira ta rufe baki ba.

Dakta yana haɗa jakarsa lokacin da suka dawo. Sufeto ya miƙa hannu ya kashe fankar. Ya rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya jingina da ƙofa. Ba a jima ba Kofur ya fara murza ido. Warin yana fitowa ne daga kabad ɗin ƙarfe da ke bayan kujera.

"Buɗe mana, Dakta."

Ya ce littattafai ne. Ya ce makullin yana gida. Sufeto ya ce Kofur ya ɗauko ƙarfen taya a mota. Sai Dakta ya sa hannu a aljihu.

Ƙananan kwalabe takwas ne a jere. Kowacce da hanta a ciki, kowacce an manna mata lambar ɓeran da kyakkyawan rubutun Dakta. Ko wanda bai yi karatun likita ba zai ga ba lafiya. Sun koɗe, sun yi dabbare-dabbare kamar tsohon soso. Ɗalibar ta ɗauki ɗaya ta ɗaga wa haske.

Dakta ya zauna. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce da ya shiga ciyar da su ya tarar uku sun mutu, sauran na numfashi sama-sama. Ya ƙarasa su, ya sa sababbi, ya zana musu alama a wutsiya, gawarwakin ya fita da su a but ɗin motarsa. Hantar ce ya kasa jefarwa. Ya so ya duba ta a nitse bayan kwamiti ya tashi.

"Ganyen nan yana aiki, Sufeto. Mahaifiyata da shi ta tashe ni daga shawara ina yaro. Kaurin ne muka zarce da shi. Amma idan kwamiti ya ga waɗannan, ba za su ce a rage ba. Za su ce guba ne, su rufe binciken, shi ke nan. Na ce in an ba da izini sai in gyara a hankali."

Sufeto ya buɗe taga ɗaya, wadda ke kallon asibitin.

"Kafin ka gyara fa? Idan waɗancan suka rame, suka daina cin abinci, a wane ɗakin baya za ka samo masu ƙiba ka sa a gadajensu?"

Dakta ya miƙe tsaye. Ya cire farar rigarsa ta aiki, ya ninke ta a kan tebur, ya miƙo hannuwansa.

A baranda Farfesa ya tare su yana cewa a bi ta ƙofar baya, don Allah, saboda idon mutane. Sufeto ya ce ta gaba suka shigo.

Ɗalibar ta ce za ta nemi kwamiti ya bar ta ta ci gaba da masu shan kaɗan, su dai ba ƙarya a jikinsu. Sufeto ya ce ta fara zuwa ta ba da shaida.

Kofur ne ya biyo su da kwalaben a kan faranti. Yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana ce wa mutane su ba shi hanya.